Mainasara Magini da Kantar Adda Kaltume

Duk wanda ya saba bin hanyar tashar Boɗinga da sassafe ya san Baba Mainasara, ko da bai san sunansa ba. Da an sallame sallar asuba yake fitowa yana tura tsohon kekensa. Ba ya hawa, domin ya riga ya ɗaure masa kwanon kwaɓi da cokalin gini da guduma da igiya har babu wurin zama. Sai ya tsaya wajen mai koko ya sha a tsaye, ya yi mata ƙorafi cewa ta cika ruwa. Kullum sai ya yi wannan ƙorafi, kullum kuma washegari sai ya dawo. Daga nan ya nufi inda aikin ranar yake, ko cikin gari ko Danchadi, in kuma da nisa kamar Lambara ya ɗora keken a bayan akori-kura. Masu gida da yawa sun sha fitowa suna miƙa su tarar da shi tsugune a ƙofa yana tankaɗe yashi, ya ɗago ya dube su kamar su ne suka zo aiki a makare.

A daminar da ta wuce ya jingine keken. Siminti ya gama da hannuwansa, yatsun sun tsattsage sun sandare, ko ƙulla tazuge sai matarsa Laraba ta taimaka masa. Na zuba ido in ga ko wani zai ce wani abu. Ma'aikacin ofis in ya ajiye aiki, ko da barci ya yi ta yi a kan teburinsa tun ranar da aka ɗauke shi, sai an jera kujeru an raba lemo da biskit an yi jawabi. Mutumin da ya gina rabin ɗakunan girkin garin nan kuwa, ko sannu da aiki ban ji an aika masa ba. Abin ya ci mini rai, shi ya sa ni Safinatu, malamar firamare a Shagari, na ce to bari ni in faɗa.

Amma gara in faɗi gaskiya tun daga farko, kada a ce na zo gyara shi. A rayuwata ban taɓa hulɗa da mutumin da ya iya hawar wa mutum da jini kamar Baba Mainasara ba. Ga nawa, ga taurin kai. In ka tambaye shi nawa ne aiki, sai ya tambaye ka lafiyar iyali. In ka ce kana sauri, sai ya ce to ka je ka gama saurin ka dawo. Mutanen Lambara suna nan da rai, su ne shaidata: ya gama musu matakalar masallaci, kowa ya yaba, washegari suka tashi suka tarar ya sa guduma ya farfashe ta, wai ya ga wani tsoho ya taka ya dafa bango. A Danchadi ya sa wani mai lambun albasa ya jira har ruwa ya ja baya kafin ya ɗaure masa bakin rijiya, mutumin har kuka ya yi don takaici, ga rijiyar nan har yau ko tsaga babu. A shekarar zaɓe kuma wani ɗan kwangila ya ce ya shafe tsagar wani aji da filasta kafin manya su zo buɗewa. Ya tattara kayansa ya tura kekensa ya tafi, bai ko tsaya karɓar na yinin ba.

Duk waɗannan jinsu na yi. Wanda na gani da idona shi ne na yayata, Adda Kaltume.

Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, Indo da Nuhu da 'yar autarsu Tani. Da suyar masa take riƙe da su. Tun tana amarya take zaune kan 'yar kujera a gaban tanda, kuma duk wanda ya ci masar Kaltume da miyar taushe ranar kasuwa ya san abin da nake faɗa. To sai gwiwoyi suka ƙi. Ta zauna ta kasa tashi sai an kama ta, in ta tashi kuma zama ya gagara. Bayanta ma ya riga ya ranƙwafa saboda shekarun duƙawa kan wuta, ko da yake a lokacin duk wanda ya faɗi haka a gabanta ya sayi faɗa. Tanda ta yi watanni a kife.

Ana cikin haka sai ga Lawali, yayan marigayin, manomi a Mandera. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ya zo da damin gero, ya zauna ya gaisa, sannan ya ce, "Kaltume, ba hwaɗa niz zo yi ba. Amma ɗiyan ga na ƙanena na. In anka yi kaka ban ga kin koma bakin tanda ba, zan kwashe su mu tahi Mandera. Hatsi dai akwai, ba su kwana da yunwa." Adda ta san a al'ada yana da wannan iko, kuma kowa zai ce ya yi zumunci. Sai da ya tafi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ƙanenmu Mijinyawa, wanda ke aiki a masaƙa a Kaduna, shi ya kawo shawara da ya zo hutun sallah. Ya ce tunda tsayuwa ba ta gagare ta ba, a gina mata kanta a ɗakin girki, wato dogon tebur na gini irin na gidajen ma'aikata, a ɗora murhu a gefe ɗaya, ta riƙa suya a tsaye. Shawarar ta yi. Daga nan kuma gardama ta tashi kan abin da za a shimfiɗa a saman. Mijinyawa ya ce fomaika, wannan abin mai ƙyalli da ake mannawa kan katako, wai ya gan shi a gidan manajansu kamar madubi. Ni na ce tayil fari, irin na asibiti, shafa ɗaya da tsumma ya fita tas. Wata maƙwabciya ta ce tarazo irin na banki a Sakkwato, muka tuna mata cewa sai da injin goga, injin sai da lantarki, lantarkin kuwa mun manta kamanninsa. Katako zalla ba wanda ya ko ambata, mun san gara.

Muka kira Baba Mainasara ya raba gardama. Ya zauna a zaure ya saurare mu, ni da Mijinyawa, har muka gaji don kanmu. Sannan ya dube ni ya ce, "Malama, wa ka girkin, ke ko ita?"

Na ce, "Ita, Baba."

"To mi as sa ni ka jin muryarki tun ɗazu?"

Wallahi ji na yi kamar in tashi in koma Shagari da ƙafa. Baba Mainasara ya tashi ya tafi abinsa. Sai da muka fara tunanin ya manta da mu, sai ga shi da guntun fomaika da ɓarin tayil da wani ɓallin siminti da ya goge ya yi sumul. Ya jera su a faifai ya ba Laraba ta shiga da su ciki, ya ce a gaya wa mai girkin ta yi musu duk abin da ta saba yi wa wurin girkinta. Adda ta sauke tukunya daga wuta ta ɗora kan fomaikar, nan take ta kumbura ta yi bororo, ɗaki ya cika da wari. Ta ɗora ɗan dutsen niƙa kan tayil ta daddaka jajjage, ya tsage biyu. Simintin kuwa ya sha mai ya yi baƙi, ya yi muni, amma bai motsa ba. Ta juya guntun fomaikar a hannu ta ce wannan ya fi kyau, shi zuciyarta ke so, amma a yi mata siminti. Ni dai har gobe ina nan kan bakata cewa ɓarin tayil ya kawo, wanda ya riga ya ji jiki, kuma da gangan ya yi. Na faɗa masa haka, ya yi dariya har da tari.

Sai maganar kuɗi, kuma duk wanda ya rayu a shekarun tsimin nan ya san irin kuɗin da nake nufi, wanda za ka kwana da shi ya kai, ka tashi bai kai ba. Mijinyawa ya yi alkawari mai kauri, kafin ya cika masaƙa ta sallami mutane, rabi ya samu ya aiko. Adda ta sayar da awakinta. Mu malamai an yi watanni ba albashi, sai kwasar adashi na kawo. Abin haushi, duk wanda na yi wa kuka sai ya ce, ke da ke zaune a Shagari, garin shugaban ƙasa, ai ku siminti a ƙofar gida ake sauke muku. Ni dai alli ma saye nake yi da kuɗina.

Baba Mainasara ya shimfiɗa abin da muka tara a kan tabarma ya kasa shi tsibi tsibi. Wannan na siminti, wannan na rodi, wannan na bulo, wannan na yashi da tsakuwa da ladan masu jakai, wannan nasa. Sai kuma ya ware wani tsibi a gefe ya ɗora masa dutse. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na abin da ba mu sani ba. Na ce Baba, abin da muka sani ma bai samu ba, kana ware wa wanda ba mu sani ba? Ya ce in ban yarda ba in nemi wani magini. Ya kuma ce siminti za a fara saye kafin komai, domin shi ke gudu, amma ba da wuri can ba, kada laimar damina ta daskarar da shi a buhu. Ya yi ta zarya tsakanin Boɗinga da Sakkwato, yau a ce babu, gobe a ce akwai amma ba a wannan kuɗin ba. Kafin ya samu, tsibin abin da ba mu sani ba ya shige cikin na siminti, simintin ya ja wani yanki na ladan Baba ya tafi da shi. Da ya ga haka ya soke bulo gaba ɗaya, ya ce ƙafafun kantar da tubali da laka za a yi su, simintin duka a bar wa saman, tunda shi ne zai sha wuta da mai.

Yanzu ga inda abin ya faru. Baba Mainasara yana da wata ƙa'ida da duk garin ya sani: ba ya auna mace, ko da ido, ko matar aure ce ko bazawara ko tsohuwa. In aikin ɗakin girki ne, Laraba yake aikawa da karan dawa. Mai girkin ta tsaya, a kafa karan a ƙasa, a yanke shi daidai gwiwar hannunta, a fito masa da shi. Daga wannan karan yake rage kaurin tanda da na murhu ya san inda kanta za ta tsaya. Shekara da shekaru haka suke yi, bai taɓa kuskure ba.

Abin da ya manta, ko bai taɓa kawowa a ransa ba, shi ne Laraba da Adda Kaltume sa'annin juna ne. Layi ɗaya suka tashi, makarantar allo ɗaya, shekara ɗaya aka yi musu aure, kuma tun suna 'yan mata ba wadda ke yarda ɗayar ta fi ta ko a kitso ko a lalle. Ranar awo ina Shagari a aji. Da Adda ta ji Laraba ce za ta zo auna ta, ta yi wanka ta sa kwalli ta ɗaura zanenta na fita biki. Da aka kafa kara, ta cije ta miƙe sambal kamar ranar da aka kai ta ɗakin miji, hannu ɗaya a baya riƙe da ƙyauren ƙofa. Laraba ta ga hannun. Ta ga gumi yana tsattsafo mata a goshi da sanyin safiya. Amma ta yaya za ta dubi ƙawarta ta ce, ranƙwafa yadda kika saba? Ta yanke karan inda gwiwar hannu ta kai, suka yi hirar duniya, ta fita da shi.

Aka zuba kanta. Baba Mainasara ya rufe ta da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma yana zuwa yana yayyafa ruwa, ya hana kowa ko dafawa. Gero ya nuna a gona, an fara yanka, wa'adin Lawali yana ta matsowa, shi kuwa in na yi magana sai ya ce ba ta ƙosa ba tukuna. Na ce Baba, mangwaro ce? Bai kula ni ba. Da ya ga dama ya cire katakon da ke tallafe da ita, ya goge saman har mutum na ganin inuwarsa, ya ɗora murhu na laka a gefe.

Aka sa ranar kasuwa za a hura wuta. Lawali ya zo daga Mandera ya shigo ciki ya zauna kan turmi, mata maƙwabta sun cika tsakar gida, maza suna zaure tare da Baba Mainasara suna jiran masar farko. Adda ta taho ta tsaya gaban kantar yadda jikinta yake, domin ba a suya da cije baki. Bakin tandar ya zo mata daidai ƙirji. Ba ta ko hangen cikin ramukan. Ta ɗaga ludayi sama da kafaɗa, ƙullu ya zuba cikin wuta, ta sake gwadawa mai ya fantsamo mata a wuyan hannu. Na dubi yaran, Indo ta rungume Tani, ta gane abin da ke faruwa.

Lawali ya numfasa ya ce a hankali, "Kin gani ko, Kaltume? Ba laihin kanta na ba. Ƙarhi na yaƙ ƙare. Ki yi haƙuri."

Ban ga fitar Laraba ba, sai daga baya na ji cewa zaure ta nufa ta kira mijinta gefe ta gaya masa abin da ta gani ranar awo. Mu dai sai muka ji murya daga ƙofa, "Gahwara dai, masu gida!" Mata suka ja mayafi. Baba Mainasara ya shigo kansa a ƙasa, bai dubi kowa ba, ya wuce ya dafa kantar da ya kwashe makonni yana lallaɓawa, ya ja tsaki.

Ya ce, "Malam Lawali, wanga aikin banza na, kuma ni nib ɓata shi. Na rage abin da ya kamata in rage ban rage daidai ba. Wagga kanta ko raƙumi sai ya yi ɗage. Ba macen da ka iya suya nan, ko ɗiyar shekara ashirin ta. Ka ba ni zuwa ƙarshen kaka in gyara kuskurena, ba ni son kwabon kowa."

Bai tsaya nan ba. Ya koma zaure ya maimaita wa mazan da ke zaune, da ƙarfi yadda na waje ma zai ji. Lawali ya dubi kantar ya ce to, Allah shi kai mu.

Da la'asar, bayan an watse, ina shafa wa Adda man kaɗanya a ƙunar, ta fashe da kuka ta gaya mini abin da ta yi ranar awo. Na rasa wanda zan fara yi wa faɗa, ita ko Laraba. Na tashi na tafi gidan Baba Mainasara da niyyar in ce ya bari a faɗi gaskiya, don na san bakin mutanen garinmu. Ya saurare ni yana wanke cokalinsa, ya ce, "Malama, in kinka hwaɗa, Lawali na ji. Ni ina da hannu, ina samun wani aiki. Ita ɗiyanta ukku na, ba ta da wasu. Ki riƙe bakinki." Na ce ai zalunci ne ka yi wa kanka. Ya ce in gaida gida.

Siminti ya ƙare, kuɗi sun ƙare, fasa kanta kuwa asara ce da ba mai iya mayarwa. Tunda ba ya iya sauko da ita, sai ya ɗaga ƙasar. Ya sake aika Laraba, wannan karon ba kara, ya ce ta je ta yini kawai suna hira ta lura da inda gwiwar hannun ƙawarta ke gogar bango in ta manta ana kallonta. Ya ari jaki ya yi ta jido laka da tsakuwa da kansa, ya cike gaban kantar, faffaɗa, ya yi masa gangare a hankali tun daga bakin ƙofa yadda ba sai an ɗaga ƙafa an taka ba. Matan layi suka zo da madaɓai suka yi daɓe, aka yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya yi ja ya yi tauri. Kafin a gama ɗaure dawa, ƙanshin masa ya dawo layinmu. Lawali ya zo ya ci, ya sayi wadda zai kai gida, ya hau motar Mandera shi kaɗai.

To, ku mutanen Boɗinga, yanzu da ku nake. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama kasuwa, aka raɗa masa suna mai kantar raƙumi. Mai shayi ya faɗa, masu jiran mota su faɗa, har mutanen da suke zaune cikin ɗakunan da ya gina ba su taɓa ganin ɗigon yoyo ba. Ɗan kwangilar da ya yi masa alkawarin ɗakunan girkin sababbin gidajen ma'aikata ya ji labari ya ba wani, a daidai lokacin da aiki ya fi zinariya wuya. Shekarun nan masu tsanani da toshe katanga da gyaran rumbu ya ci su. Sau nawa na ji ana yi masa wannan ba'a a tasha, harshena yana ƙaiƙayi, in dube shi ya girgiza mini kai. Wani lokaci har shi ma ya taya su dariya, abin da ya fi komai ƙona mini rai ke nan.

Yanzu Indo ta yi aure, daga ɗakin uwarta aka ɗauke ta. Nuhu yana sakandare, Tani ta kusa gama firamare. Da Adda ta ji Baba Mainasara ya ajiye aiki, ta ce ba za ta mutu da wannan abu a wuyanta ba. Ta sa na raka ta Mandera, ta zauna gaban Lawali ta faɗa masa komai, tun daga kwalli har ƙyauren ƙofa. Ya ji ta har ta gama, sannan ya ce, "Kaltume, ina da ido. Tun ranan nis sani, na ga bayanki. Amma dattijo ya tsaya gaban mutane ya ɗora ma kainai laihin da bai yi ba don ɗiyan ƙanena, ni in buɗe baki in ƙaryata shi? Sai nic ce in ba ki lokaci in gani."

Adda ta yi ta hawaye. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Ashe ya sani! Duk shekarun nan yana zuwa kasuwar Boɗinga yana jin ana kiran bawan Allah da wannan suna, bai taɓa cewa ku bari ba. Na faɗa masa haka, ya ce to ai sirrin ba nasa ba ne. Kowa ya riƙe sirrin wani, kowa ya yi kunya, kowa ya yi kawaici, kuma duk nauyin kawaicin nan a kan tukunyar gidan mutum ɗaya ya sauka. A motar dawowa Adda ta ce in rubuta, in sa sunanta, kada in rage komai.

Baba Mainasara, na Laraba, uban ɗakunan girki, na san in an karanta maka wannan za ka ja tsaki ka ce Malama ba ta iya riƙe baki ba. Ka ja. Kai ne ka hana ni zaɓar tayil, kai ne ka sa na yi ta safa da marwa tsakanin Shagari da Boɗinga kana cewa ba ta ƙosa ba, kuma har yau ban huce ba. Amma kai ne ka tambayi mai girki abin da take so a ranar da mu 'yan uwanta muke ta gardama a kanta kamar ba ta nan. Kai ne ka ɗebi rabin ladanka ka zuba a siminti ba ka faɗa ba. Kai ne ka tsaya a tsakar gida cike da mata ka zagi aikin hannunka, aikin da ba shi da aibi, don wata baiwar Allah ta zauna da 'ya'yanta. Ban san magini nawa ne za su iya wannan ba. Ni dai da ni ce, da na kare kaina.

Ku samarin da kuka koyi riƙe cokali a ƙarƙashinsa, da waɗanda ba su samu ba, ku je ku zauna da shi tun yana iya magana, ko da zai ɓata muku rai, kuma zai ɓata. Ku koyi tambayar wadda za ta tsaya gaban wutar kafin ku kwaɓa komai. Ku masu kuɗin gini, ku daina yanke wa ma'aikaci hukunci da hirar mai shayi. Ku kuma da kuka yi shekaru kuna dariya, gidansa ba ɓoyayye ba ne, yana bayan masallacin layinsu, kuma hannun da ya sandare ba ya noma. Kada ku je hannu rabbana.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sanya albarka a abin da ya rage maka, ya gina maka irin ginin da ba ya tsagewa. Na gode a madadin Adda Kaltume da Mijinyawa da ni kaina. Na kuma gode a madadin Indo da Nuhu da Tani, waɗanda suka girma a ɗakin uwarsu, suna jin ana yi maka ba'a a hanya, ba su san kai ne dalilin da ya sa ba a Mandera suka tashi ba. Yau sun sani.